Konekshon nawa ya kamata in saka a ful, kuma in kashe masu zaman banza ko in bar su?

Tambayar da ɗan'uwanmu ya turo a taƙaice ita ce: suna da manhajar biyan kuɗi da rajista da aka rubuta da Spring Boot, kwafi 6 ne ke gudana, kowane kwafi yana da ful na HikariCP (ful shi ne ma'ajiyar konekshon, wato layukan haɗi da rumbun bayanai, da manhaja ke buɗewa ta ajiye tana ara tana mayarwa) an ba shi konekshon 50, rumbun bayanan kuma PostgreSQL ne a saba mai kor 8 (sassan CPU da ke gudanar da aiki) da RAM 32GB. Duk ranar da aka buɗe rajista ko ƙarshen wata ya zo sai saƙon `FATAL: sorry, too many clients already` ya fara fitowa. Sun ɗaga `max_connections`, wato iyakar konekshon da rumbun ke karɓa, daga 100 zuwa 500, saƙon ya ɓace amma komai ya ƙara nauyi, kuma da ya leƙa `pg_stat_activity`, inda PostgreSQL ke nuna abin da kowane konekshon ke yi, sai ya ga ɗaruruwan sashin (konekshon da ke buɗe) suna zaune ba sa komai. Yana tambaya ya ƙara ful ɗin ne, ko ya rubuta abin da zai riƙa kashe masu zaman banzan.

To ɗan'uwa, amsata kai tsaye: kar ka ƙara, rage wa za ka yi, kuma ragi sosai. Sannan kar ka fara kashe kowa tukuna sai ka bambance waɗanda ke zaman banza na lafiya da waɗanda zamansu ke cutar da kai, domin kala biyu ne kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Na san maganar ragewa tana da wuyar shiga kai a lokacin da oga ke tsaye a kanka mutane na kira suna cewa shafi ya ƙi buɗewa, amma bari in bi da kai a hankali.

Ka tuna shagon markaɗe da safe ana gobe salla. Inji 8 ne a ciki, yara sun fi ɗari a waje da bokitan wake da tattasai. In mai shago ya ce kowa ya shigo ciki, injin bai ƙaru ba ko ɗaya, abin da ya ƙaru shi ne turereniya, wannan ta taka wannan, mai zuba wake ba shi da wurin juyawa, an ɗora bokiti an sauke an ɗora wani kafin a gama na farko. In kuwa ya tsayar da layi a waje yana shigo da su goma goma, to wallahi har wadda ke ƙarshen layi za ta riga komawa gida fiye da in da an cusa kowa ciki. Rumbun bayananka haka yake. Kor 8 gare ka, a kowane ƙiftawar ido abu 8 kawai ke iya gudana da gaske, saura duk jira suke, tambayar kawai ita ce a ina za su yi jiran, a waje cikin layin ful inda jira ba ya cin komai, ko a cikin PostgreSQL inda kowane mai jira ke cin ƙwaƙwalwa (RAM) yana kokawar makullin bayanai da 'yan'uwansa. Ana cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma a nan wurin ba haka ba ne.

Dalilin da ya sa abin ya fi ciwo a PostgreSQL shi ne kowane konekshon guda furoses ne, wato shiri mai gudana mai zaman kansa a cikin Linux, ba ɗan zare ba kamar yadda MySQL ke yi. Kenan konekshon 300 furoses 300 ne, kuma in duk suka farka lokaci ɗaya sai Linux ya shiga aikin sauke wannan ya ɗora wancan a kan kor 8 ɗin nan, duk sauyin da ya yi abin da CPU ya tara a 'yar ma'ajiyarsa ta kusa ya watse sai an sake ɗebowa. Ga kuma `work_mem`, ƙwaƙwalwar da ake ba kuweri (umarnin da ake aika wa rumbu) ya yi aiki da ita, wanda asalinsa 4MB ne, mutane da yawa na zaton na kowane konekshon ne, a'a, na kowane aikin jerawa ko hash ne a cikin kuweri, kuweri ɗaya mai sarƙaƙiya na iya cin ninki uku ko huɗu. In wani a cikinku ya taɓa ɗaga shi zuwa 64MB don rahoton wata ya yi sauri, ka lissafa da kanka: kuweri 300 kowanne da jerawa biyu ya kusa 38GB, ya wuce RAM ɗinka gaba ɗaya, daga nan sai ka ji Linux ya kashe furoses ɗaya, shi kuma PostgreSQL in aka kashe masa ɗa ɗaya ta wannan hanya sai ya sallami kowa ya sake tashi don kare bayanai. Gaskiya PostgreSQL 14 da ya fito a 2021 ya rage tsadar konekshon masu zaman banza sosai, aikin Andres Freund ne a kan yadda ake ɗaukar hoton tiransakshan (tiransakshan jerin umarni ne da ake buɗewa a rufe a matsayin abu ɗaya), amma wannan gyaran na masu barci ne, bai ƙara maka kor ko ɗaya ba ga waɗanda suka farka.

Akwai gwajin da mutanen Oracle masu nazarin saurin aiki suka nuna, wanda Brett Wooldridge mai HikariCP ya kawo a bayanin da ya rubuta kan girman ful: sun sauko da konekshon daga 2048 zuwa 96 ba tare da sun taɓa komai ba, lokacin amsa ya faɗo daga kusan milisakan 100 zuwa kusan 2. 

To nawa za ka saka? Lissafin da aka fi farawa da shi, wanda ya fito daga mutanen PostgreSQL su kansu, shi ne yawan kor sau 2 a ƙara yawan diski masu juyawa da ke aiki. Hikimar ita ce yayin da wani kuweri ke jiran diski ya kawo masa bayani, wani na iya amfani da kor ɗin. Naka 8 sau 2 a ƙara 1 ya ba da 17. In diskinka SSD ne ko kuma bayanan da ake yawan taɓawa duk sun zauna a RAM, jiran diski kaɗan ne, don haka lambar ƙasa take yi ba sama ba, abin da ke ba mutane mamaki kenan, suna zaton tunda sun sayi diski mai sauri sai su ƙara konekshon. Kuma kor na gaske ake ƙirgawa, in sabar haya ce a gajimare aka ce maka vCPU 8 to sau da yawa kor 4 ne na gaske kowanne aka raba shi biyu. Wannan lissafin wurin farawa ne kawai, gwaji ne zai ba ka lambar ƙarshe, amma dai ya nuna maka unguwar da amsar take: wajen 20, ba 300 ba.

Kuma wannan lambar ta duka kwafin ce a haɗe, nan ne mafi yawanmu ke zamewa. Rumbun bai san kana da kwafi 6 ba, jimilla kawai yake gani. In 24 kake so to kowane kwafi 4 zai samu. Ka kuma ƙirga sauran masu shigowa ta bayan gida: ayyukan da ke tashi da dare, mai tura saƙon tes, mai haɗa rahoto, manhajojin leƙa rumbu irin su pgAdmin ko DBeaver da ma'aikata suka bari a buɗe a kwamfutocinsu, da lokacin da kuke sakin sabon kwafi inda tsoho da sabo ke raye tare na 'yan mintuna, a lokacin jimillar na iya kusan ninkawa. Da yawa daga cikin `too many clients` ɗin da na gani a rayuwata lokacin sakin sabon kod suka faru ba lokacin cunkoso ba.

Na san abin da za ka ce, konekshon 24 ina za su kai mutum dubu biyar da ke kan shafi? Mutum dubu biyar ba sa taɓa rumbu lokaci ɗaya, yawancinsu suna karatu ne ko suna cike fom ko suna neman katin ATM a aljihu. Akwai ƙa'idar layi da John Little ya tabbatar a 1961, mai sauƙi ce: yawan waɗanda ke ciki daidai yake da yawan masu shigowa a sakan ɗaya sau tsawon zaman kowanne. In buƙata 800 ke shigowa a sakan kuma kowace na riƙe konekshon na milisakan 15, to 800 sau 0.015 ya ba da 12. Konekshon 12 kacal ke ɗauke da buƙata 800 a sakan. Yanzu juya lissafin: buƙata 50 kawai a sakan amma kowace na riƙe konekshon na sakan 2, konekshon 100 kenan. Kaga ashe ba yawan mutane ne ke cinye ful ba, tsawon riƙo ne. Kuma ina da yaƙinin nan ciwonka yake tunda ka ce manhajar biyan kuɗi ce.

Bari in ba ka abin da na gani da idona. Wani wuri da na taɓa taimaka wa, daren da suka buɗe biyan kuɗin rajista, ina zaune da yaron da ya rubuta kod ɗin, janareta na ruri a waje, fankar silin ba ta kai mana, CPU ɗin rumbu bai kai kashi 20 ba amma shafi ya daskare. Na buga kuweri a `pg_stat_activity` na tara su bisa `state`, masu `active` ba su kai yatsun hannu ba, amma `idle in transaction`, wato waɗanda suka buɗe tiransakshan suka zauna ba su rufe ba, sun cika allo har sai na gangara ƙasa, kuma a gefen kowanne kuwerin ƙarshe iri ɗaya ne, wani `INSERT` a teburin biyan kuɗi. Na ce masa buɗe min inda ake wannan `INSERT` ɗin. Ya buɗe, ga `@Transactional`, alamar da ke sa aikin duka ya gudana cikin tiransakshan ɗaya, a saman aikin, layi na farko ya rubuta cewa an fara biya, layi na biyu ya kira kamfanin da ke karɓar kuɗi ta intanet yana jiran amsa, layi na uku ya sabunta matsayi. A ranar da babu cunkoso kamfanin na amsawa cikin rabin sakan ba wanda ya lura, a daren nan kuwa su ma lodi ya yi musu yawa suna kai sakan 20 zuwa 30, kuma duk tsawon wannan jira konekshon na hannu, tiransakshan a buɗe. Yaron ya yi shiru yana kallon allo sannan ya ce "Yallaɓai ashe mu ne muke riƙe da ƙofar." Muka raba aikin gida uku: rubuta a rufe tiransakshan a mayar da konekshon, kira kamfanin ba tare da komai a hannu ba, sannan a ari konekshon a sabunta. Ful ɗin da bai ishe su ba yana 50 sai ga shi 10 ta yi musu yawa.

Saboda haka kafin ka taɓa kowace lamba, gudanar da wannan a daidai lokacin da ake cikin cunkoso:

`SELECT state, count(*), max(now() - state_change) FROM pg_stat_activity WHERE backend_type = 'client backend' GROUP BY state;`

Abin da zai fito shi zai gaya maka komai. Masu `idle` zalla, waɗannan yawanci ba su da laifi, ai aikin ful kenan, ya buɗe konekshon ya ajiye don kar a riƙa biyan kuɗin buɗewa kowane lokaci, tunda buɗe sabo na nufin gaisuwar TCP da ta TLS da tantance kalmar sirri da haifar sabon furoses. HikariCP ma da gangan yake barin `minimumIdle` (mafi ƙarancin da zai ajiye a zaune) daidai da `maximumPoolSize` (girman ful) in ba ka canza ba, shi ya sa kwafi 6 sau 50 za ka ga 300 a zaune ko da ƙarfe uku na dare ne. Ba sa riƙe makulli, ba sa hana sharar tsofaffin layuka da zan yi bayani a gaba, gurbi kawai suka cinye da 'yar ƙwaƙwalwa. In ka rubuta abin da ke bi yana kashe su da `pg_terminate_backend`, HikariCP zai sake buɗe wasu nan take don ya cike gurbin, ka ƙara wa saba aiki a banza, kuma wani lokaci ka kashe wanda aka miƙa wa buƙata yanzun nan mai amfani ya ga kuskure. Maganinsu rage girman ful ne, shi kenan.

Sai dai akwai wata dabara a nan da ke ruɗa mutane: abin da PostgreSQL ke kira `idle` ba lallai ful ya ɗauke shi a matsayin wanda ke hannunsa ba. Spring Boot na zuwa da `spring.jpa.open-in-view` a kunne, har gargaɗi yake bugawa a log lokacin tashi amma ba mai karantawa. Da shi a kunne, buƙata na iya riƙe konekshon tun daga kuwerinta na farko har sai an gama haɗa amsa an tura, ko da tiransakshan ya rufe tuntuni. A gefen rumbu za ka ga `idle`, a gefen manhaja kuma ana ihu babu konekshon. Kashe shi, ka gyara wuraren da za su fashe saboda ana ɗebo bayanai a makare, za su fashe kam amma gara su fashe a gabanka. Sannan ka kunna `leakDetectionThreshold`, ka ba shi kamar sakan 5 ko 10, duk wanda ya ari konekshon ya wuce haka bai dawo da shi ba HikariCP zai buga maka ainihin layin kod ɗin da ya ara. Wannan saitin shi kaɗai ya sha fitar da ni kunya.

Masu `idle in transaction` su ne abin tsoro, kuma ɓarnarsu ta wuce cin gurbi. Na farko duk makullin da suka ɗauka yana hannunsu, wanda ya sabunta layin asusun wani bai rufe ba, duk mai son taɓa wannan layin zai tsaya, su ma masu tsayuwar kowanne na riƙe da nasa konekshon, cikin sakanni ful ya ƙare. Na biyu kuma wanda ba a gani sai daga baya: PostgreSQL ba ya goge tsohon layi nan take in an sabunta, yana barinsa sai `VACUUM` ya zo shara, kuma `VACUUM` ba zai share duk abin da wani tsohon tiransakshan zai iya buƙata ba. Tiransakshan ɗaya da ya yi rubutu aka manta shi a buɗe tun safe ya isa ya hana share matattun layukan da suka taru tun daga lokacin, tebur ya kumbura, indes ya kumbura, kuwerin da ke ɗaukar milisakan 5 ya koma 50, kai kuma kana can kana zargin ful. Na uku, ranar da za ku yi `ALTER TABLE`, umarnin zai tsaya jiran wancan mai barcin, kuma duk kuwerin da ya zo bayansa a kan teburin, har karatu zalla, zai yi layi a bayan `ALTER` ɗin. Shi ya sa ba na taɓa gudanar da canjin tebur ba tare da na saka `lock_timeout` na 'yan sakanni ba, gara ya faɗi in sake gwadawa.

Waɗannan kam a sa musu wa'adi. Tun PostgreSQL 9.6 akwai `idle_in_transaction_session_timeout`, asalinsa a kashe yake. Ni ina saka shi a kan asusun manhaja ba a kan saba gaba ɗaya ba, kamar haka: `ALTER ROLE app SET idle_in_transaction_session_timeout = '30s';` kuma in an gyara kod sosai har ƙasa da haka ana iya zuwa. Ka sani fa in wa'adin ya cika konekshon ɗin gaba ɗaya ake yankewa, abin da ba a rufe ba ya koma baya, don haka in kod ɗinku na yanzu irin na yaron can ne, wato yana jiran kamfanin kuɗi da tiransakshan a buɗe, to kar ka saka gajeren wa'adi kafin ka gyara, in ba haka ba za a cire wa mutum kuɗi a can ku kuma babu shaida a wurinku, wannan ya fi shafi mai nauyi muni nesa ba kusa ba. Fara da minti 5, gyara kod, sannan ka riƙa saukowa. Haɗa da `statement_timeout` a kan asusun manhajar don kuweri ɗaya da ya haukace kar ya zauna har abada, masu rahoto kuma a ba su asusunsu daban da ful ɗinsu daban ƙarami mai dogon wa'adi. In kuna kan PostgreSQL 17 akwai `transaction_timeout` da ke iyakance tsawon tiransakshan ɗin dukansa, yana kama wanda ke ta aika ƙananan kuweri ba ya rufewa.

Shi kuma `idle_session_timeout` da ya zo a 14, wanda nake jin shi kake nema da ka ce a kashe masu zaman banza, kar ka ɗora shi a kan asusun da ful ke amfani da shi, takardun PostgreSQL ɗin ma sun yi gargaɗi a kan haka. Wurinsa asusun mutane ne, ma'aikacin da ya buɗe DBeaver ranar Alhamis ya tafi gida sai Litinin. Su ka ba su awa ɗaya.

Akwai kuma kala na uku, gawa. Konekshon da ɗaya ɓangaren ya mutu ko wani abu a tsakiya ya yanke shi ba tare da sanarwa ba. Fayawol da masu raba lodi suna mantawa da konekshon da ya yi shiru: NAT Gateway na AWS sakan 350 yake ba shi, mai raba lodi na Azure asalinsa minti 4. Shi kuwa Linux asalin saitinsa sai bayan sakan 7200, awa biyu cur, yake fara tambayar ko ɗaya gefen na raye. Kenan tsakanin minti 6 da awa 2 kowa na zaton konekshon na nan alhali an binne shi. Alamar ita ce buƙatar farko da safe ko bayan an ɗan yi shiru ta rataye ko ta faɗi, ta biyu kuma ta wuce lafiya. A wurarenmu da wuta ke ɗaukewa ko layin intanet tsakanin ofis da saba ke yankewa, wannan ba baƙon abu ba ne, kwafin manhaja ya mutu ba sallama, furoses ɗinsa na can a rumbu yana jiran umarnin da ba zai zo ba, wani lokaci ma da makulli a hannu. Saka `tcp_keepalives_idle` a PostgreSQL wajen sakan 60, a HikariCP kuma ka saka `keepaliveTime` ƙasa da wa'adin abin da ke tsakiya, sannan `maxLifetime`, iyakar tsawon rayuwar konekshon a ful, wanda asalinsa minti 30 ne ya zama ya gaza duk wani wa'adin da rumbu ko hanya ke yanke konekshon da shi. Masu MySQL su ma sun san wannan ciwon da sunan `MySQL server has gone away`, nasu `wait_timeout` ɗin asalinsa sakan 28800 ne, awa 8, shi ya sa yake kama su da safe.

Wani saitin da nake so ka duba shi ne `connectionTimeout`, asalinsa sakan 30. Ma'anarsa buƙata za ta tsaya layi har sakan 30 tana jiran konekshon. Wane ne zai jira sakan 30 a waya? Tun a sakan na biyar ya danna sabuntawa sau uku, kowace dannawa sabuwar buƙata ce a layi, tsofaffin kuma ba su fita ba, in layinsu ya zo sai rumbu ya yi aikin da babu mai jiran sakamakonsa. Haka cunkoson minti biyu ke zama na awa ɗaya. Sauko da shi zuwa sakan 2 ko 3, wanda bai samu ba a ba shi saƙo mai kyau cewa ya sake gwadawa, kuma in manhajar ce ke sake gwadawa da kanta a sa ta riƙa jinkirtawa tana ƙara tazara, kar duk su dawo lokaci ɗaya.

Hatsari ɗaya na ƙaramin ful da ya kamata in faɗa maka don kar ka rage ka zo kana zagina: in akwai wurin da aiki ɗaya ke riƙe konekshon sannan ya nemi na biyu kafin ya saki na farko, misali `REQUIRES_NEW`, mai buɗe sabon tiransakshan daban, a cikin wani tiransakshan don rubuta tarihin aiki, to da ful mai 4 in aiki 4 suka ɗauki na farko lokaci ɗaya duk za su tsaya jiran na biyu da ba zai taɓa samuwa ba sai wa'adi ya cika. Nemo irin waɗannan wuraren kafin ka rage, ko ka cire su ko ka ba su ɗan ful nasu daban.

Maganar PgBouncer kuma, da kwafi 6 ba dole ba ne tukuna, 4 ko 5 kowanne ya wadatar. Amma in kun fara ƙara kwafi kai tsaye idan lodi ya ƙaru, yau 6 gobe 30, ko kuna da PHP-FPM inda kowane ma'aikaci ke buɗe nasa, to lissafin rabawa ya rushe, sai a kawo shi. Ƙaramin abu ne da aka fara rubutawa a Skype, yana zama a tsakiya ya karɓi dubban konekshon daga manhaja ya haɗa su da 'yan kaɗan na gaske, `default_pool_size` ɗinsa 20 ne ga kowane haɗin asusu da rumbu. Amfaninsa na gaske na cikin yanayin `transaction`, inda ake ba ka konekshon na tsawon tiransakshan kawai a karɓe. Farashin shi ne duk abin da ya dogara da sashin ya daina zama abin dogaro: `SET` na sashin, `LISTEN`, makullin shawara na sashin, teburin wucin gadi da ke wuce tiransakshan ɗaya. Shiryayyun kuweri ma da can matsala ne sai a PgBouncer 1.21 da ya fito a 2023 aka kawo tallafinsu ta `max_prepared_statements`. Kuma kar ka ɗauka zai warkar da `idle in transaction`, ba zai iya ƙwace konekshon daga wanda bai rufe ba, ashirin ɗin nan za su ƙare kamar yadda ɗari uku suka ƙare, har ma da sauri. In kun saka shi, `SHOW POOLS` ne madubinka, ka sa ido a kan `cl_waiting` da `maxwait`.

Lambar ƙarshe kuma gwaji zai ba ka ita. Ɗauki saba irin ta aiki da kwafin bayanai masu girman gaske, ka yi amfani da `pgbench`, kayan gwajin lodi na PostgreSQL, da kuwerinku na gaske ta `-f`, ko ka tura lodi ta manhajar kanta wanda ya fi, ka gwada da 8, sannan 16, 24, 32, 64, 128. Za ka ga yawan aikin da ake gamawa a sakan yana hawa, ya kai wani wuri ya miƙe, daga nan lokacin amsa ne kawai ke ƙaruwa, can gaba ma aikin ya fara sauka. Inda ya fara miƙewa nan ne lambarka. `max_connections` kuma ka dawo da shi kusan 100, canza shi na buƙatar sake tayar da rumbu don haka ka haɗa shi da wani daren gyara, ka tabbata jimillar ful ɗinku ko an ninka ta lokacin sakin kod ba ta cinye shi ba, kuma manhaja kar ta shiga da asusun babban mai iko, saboda gurabe 3 da `superuser_reserved_connections` ke ajiyewa su ne ƙofar da za ka shiga ranar da komai ya cushe. Bayan an rage, ka riƙa kallon `hikaricp.connections.pending` da `hikaricp.connections.usage` tare da CPU na rumbu. In masu jira sun taru kuma CPU na ƙasa, wani ne ke riƙe konekshon yana jiran abin da ba rumbu ba, ko makulli, koma kan kod. In masu jira sun taru CPU kuma ya cika, kuweri ne ke da nauyi, kunna `pg_stat_statements` ka ga guda biyar da suka fi cin lokaci, galibi indes ɗaya ko biyu ne suka ɓace. Ka gudanar da kuwerin can na sama ranar cunkoso mai zuwa ka turo min abin da ya fito tare da aikin da ke kiran kamfanin kuɗin, sai mu duba tare.